Yadda Za Ka Yi Nazarin Wasiƙar Galatiyawa Cikin Mako Shida

Akwai mai bi da zai shekara ashirin da Littafi Mai Tsarki a hannu, ya haddace ayoyi masu yawa, ba ya fashin sujada, amma in aka ce ya faɗi abin da wasiƙar Bulus guda ɗaya take cewa daga gaisuwa zuwa sallama, sai ya yi shiru. Abin da ya jawo haka shi ne karatun tsinci-tsinci: aya ɗaya da safe, wata dabam a wa'azin Lahadi, wata kuma a saƙon waya. Ilimin tauhidi ba ya zama a kan irin wannan harsashi. Wanda yake son ya shiga littattafan malamai ya fahimce su, ya kuma iya auna su, sai ya fara mallakar littafi guda na Maganar Allah gaba ɗayansa. Wasiƙar Galatiyawa ta dace da mafari: sura 6 ce, aya 149, ana karance ta da murya cikin minti 20 zuwa 25, ga shi kuma ta taɓo alheri, Shari'a, bangaskiya, gicciye da Ruhu Mai Tsarki.

Kayan aiki

Ka nemi fassarar Hausa biyu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa ya fito a 1932, aikin da Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya ja gaba a ƙasar Zariya, kuma bayansa an yi sababbin fassarori masu sauƙin harshe. Amfanin biyu shi ne, duk inda suka saɓa, alama ce cewa akwai kalma mai wuya a asalin Helenancin da aka rubuta wasiƙar da shi, kuma nan ne ya kamata ka dakata. In kana jin Turanci ko Faransanci, ƙara ta uku. Sai littafin rubutu mai shafi 60, fensir, da alƙalami kala biyu. Ka ware minti 30 a rana, kwana biyar a mako, a lokaci guda da ba ya canzawa. Littafin sharhi kuwa, ko kana da shi, rufe shi ka ajiye sai mako na shida. Wannan sharaɗi shi ne mafi wuya, kuma shi ne mafi amfani, domin wanda ya fara da sharhi yakan ƙare yana ganin ayar da idon marubucin sharhin, ba ya ƙara ganinta da nasa.

Mako na farko da na biyu: karatu a dunƙule

Kwana biyar na farko, ka karanta wasiƙar duka a zama ɗaya, kullum, da murya. Haka aka karanta wa ikkilisiyoyin Galatiya ita: mutum ɗaya ya miƙe ya karanta, jama'a suna sauraro. Bulus bai sa mata lambobi ba. Rabon surori da muke amfani da shi ya zo a farkon ƙarni na 13, ana danganta shi da Stephen Langton, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya buga su a 1551. Haka ma kanun da kake gani a saman sakin layi, masu fassara ne suka sa. Suna taimakawa wajen neman wuri, amma wani lokaci suna yanke magana a tsakiya. Dubi 5:1, ka ga yadda take rufe zancen sura 4 tana kuma buɗe abin da ke tafe.

Kada ka tsaya warware abin da bai shige ka ba. Sa alamar tambaya da fensir a gefe ka wuce. Bayan kowane karatu rubuta layi uku kawai: me ya ɓata wa marubucin rai, su wa yake wa magana, me yake so su yi. Zuwa rana ta uku za ka fara jin zafin muryarsa. Buɗe Romawa 1:8, 1 Korintiyawa 1:4 da Filibiyawa 1:3, za ka tarar Bulus yana gode wa Allah saboda masu karatunsa da zarar ya gama gaisuwa. A Galatiyawa babu wannan godiya. Yana gama gaisuwa a 1:5 sai ya faɗa musu mamakinsa kan saurin da suka yi na juya wa bishara baya. Wanda ya lura da wannan gurbi ya riga ya kama yanayin wasiƙar.

A mako na biyu ka raba ta da kanka. Ja layi a ƙarƙashin ƙananan kalmomin da suke ɗaure magana: gama, saboda haka, amma, domin, in kuwa. Su ne gaɓoɓin hujja, kuma ido yakan tsallake su. Sannan ka ba kowane sakin layi suna da bai wuce kalma bakwai ba. Yawanci za ka fito da kashi uku: 1 zuwa 2, inda Bulus yake kāre asalin bishararsa da labarin rayuwarsa, 3 zuwa 4, hujja daga Nassi, 5 zuwa 6, zaman 'yanci cikin Ruhu. Kwafe 2:15-21 da hannunka, domin nan ne zuciyar zancen. In rabonka ya bambanta da na wani, ba komai, muddin kana iya nuna dalilinka daga cikin ayoyin.

Mako na uku: wuri da zamani

Galatiya tana tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yau, birnin Ankara na cikin tsohon yankin. Romawa sun mai da ita lardinsu a shekara ta 25 kafin haihuwar Almasihu, lardin kuma ya miƙa kudu har ya haɗa da Antakiya ta Bisidiya, Ikoniya da Listira, garuruwan da Bulus da Barnaba suka yi wa'azi a Ayyukan Manzanni 13 da 14. Karanta waɗannan surori, ka haɗa da sura 15. Malamai sun rabu biyu. Masu cewa wa ikkilisiyoyin kudu aka rubuta sukan sa wasiƙar wajen shekara ta 48 ko 49, masu cewa na arewa ne sukan kai ta tsakiyar shekarun 50. Zana layin lokaci daga abin da Bulus ya faɗa da bakinsa: Arabiya da Dimashƙu a 1:17, zuwa Urushalima bayan shekara uku da kwana 15 wurin Kefas, wato Bitrus, a 1:18, sai komawa bayan shekara 14 tare da Barnaba da Titus a 2:1. Tambayar ita ce, wannan ziyara ta 2:1 ita ce ta kai gudummawar yunwa a Ayyukan Manzanni 11:30, ko ta taron sura 15? Rubuta hujjar kowane ɓangare a shafi guda ka wuce. Koyarwar wasiƙar ba ta rataya a kan amsar ba, kada ka ɓata mako biyu a nan.

Abin da ya fi kwanan wata muhimmanci shi ne ma'anar kaciya. A ƙasar Hausa kaciya al'ada ce ta kusan kowane gida, don haka mai karatu yakan ɗauka Bulus yana hayaniya a kan ƙaramin abu. A wancan zamani kaciyar ɗan al'ummai, wato wanda ba Bayahude ba, shelar shiga alkawarin Musa ce, da ɗaukar nauyin Shari'a duka, kamar yadda 5:3 ta faɗa. Masu tada hankalin Galatiyawa suna cewa gaskata Almasihu bai isa ba, sai an ƙara da wannan kafin mutum ya zama cikakken ɗan Ibrahim.

Mako na huɗu: bin sawu cikin Tsohon Alkawari

Nan ne aikin yake, nan ne kuma riba take. Raba shafi gida uku: ayar Galatiyawa, inda aka ɗauko ta, da abin da wurin yake cewa a mahallinsa. A 3:6-13 kaɗai, cikin aya takwas, Bulus ya jawo nassi shida: Farawa 15:6 a aya 6, Farawa 12:3 a aya 8, Maimaitawar Shari'a 27:26 a aya 10, Habakuk 2:4 a aya 11, Littafin Firistoci 18:5 a aya 12, da Maimaitawar Shari'a 21:23 a aya 13. Kada ka karanta ayar da aka jawo ita kaɗai. Karanta surar duka. In ka bi Farawa 15, 16, 17 da 21 a jere, za ka ga da idonka abin da Bulus ya tsaya a kai: an lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa adalci a sura 15, kaciya ba ta zo ba sai sura 17, Shari'ar Sinai kuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru. Jerin lokacin shi kansa hujja ne. Za ka kuma shiga labarin Hajaratu da Saratu a 4:21-31 da shirinka, maimakon ya zo maka kamar tatsuniya. Habakuk sura uku ne kawai, karance shi, ka ji annabi yana kuka ga Allah kan zalunci da zuwan Kaldiyawa, sai ka gane cewa rayuwa ta bangaskiya magana ce da aka fara faɗa wa mutumin da duniya ta yi wa duhu.

Akwai abin da yakan rikita mai nazari a nan. Ka buɗe Tsohon Alkawari ka tarar kalmomin ba su yi daidai da na Bulus ba, sai zuciya ta fara raya maka ko ya yi kuskure. Dalilin shi ne, Tsohon Alkawarin da ke hannunka daga Ibrananci aka fassara shi, Bulus kuwa sau da yawa yana bin tsohuwar fassarar Helenanci da ake kira Septuajinta, wadda Yahudawa suka fara yi a Iskandariya ta Masar tun ƙarni na uku kafin Almasihu. Misali biyu suna cikin wannan sura. Kalmar "dukan" da ke 3:10 tana cikin Helenancin Maimaitawar Shari'a 27:26, ba ta cikin sanannen nassin Ibrananci. Shekara 430 ta 3:17 kuma daga Fitowa 12:40 take, inda Helenancin ya haɗa zaman Kan'ana da na Masar cikin lissafin. Da ka san wannan, damuwar ta kau, ka kuma sami mabuɗin da zai yi maka aiki a Romawa da Ibraniyawa.

Mako na biyar: kalmomi biyar

Zaɓi kalma biyar kawai: Shari'a, alheri, bangaskiya, jiki, da kalmar da wata fassara take cewa barata, wata kuma kuɓutarwa. Bi kowace ɗaya daga sura 1 zuwa 6, kana rubuta kowane wurin da ta fito da aikin da take yi a jimlar. Ƙa'idar ita ce, jimla ce take ba kalma ma'ana. Ƙamus yana nuna maka iyakar gonar, jimla ce take nuna kunyar da aka shuka.

Kalmar Shari'a ta fito fiye da sau 30 a wannan gajeriyar wasiƙa. Kunnen mai jin Hausa yakan kai ta kotu, ko ga shari'ar Musulunci, amma Bulus Attaurar Musa yake nufi, wani lokaci dokokinta, wani lokaci littattafan da kansu, kamar a 4:21 inda ma'anonin biyu suka haɗu a aya guda. Alheri a bakinmu kyauta ce ko kirki, sau da yawa ga wanda ya kyauta maka. A wurin Bulus kyauta ce ga wanda bai cancanta ba, shi ya sa ya tuna musu a 1:13-15 cewa yana tsananta wa ikkilisiya ne aka kira shi.

Jiki ita ce ta fi yaudara. Kalmar Helenancin sarks ce. A 2:20 tana nufin rayuwar duniya kawai, a 4:13 rashin lafiyar Bulus, amma a sura 5 tana nufin halin ɗan adam da ya juya wa Allah baya, shi ya sa wasu fassarori suke cewa halin mutuntaka. Ƙirga ayyukan da aka jera a 5:19-21: ban da fasikanci da buguwa, akwai bautar gumaka, sihiri, gaba, kishi, fushi, tsattsaguwa da hassada. Yawancinsu zunuban zaman tare ne. Mai wa'azin da ya taƙaita "ayyukan jiki" ga sha'awa ya bar rigimar da ke cin ikkilisiyarsa ba a taɓa ta ba, alhali ita Bulus ya fi yawan ambata.

Dubi kuma 3:24, inda aka kira Shari'a paidagogos. Ba malamin makaranta ba ne. Bawa ne amintacce a gidan mai hali, wanda yake raka yaro makaranta, ya tsare shi a hanya, ya kwaɓe shi in ya yi rashin ji, tun yana ɗan shekara shida ko bakwai har ya balaga. Aikinsa na gaske ne, amma yana da ranar ƙarewa. Da wannan hoto a zuciya, 3:25 da 4:1-7 za su buɗe da kansu. Haka 6:2 da 6:5, inda aka ce ku ɗauki kayan juna, aka kuma ce kowa zai ɗauki nasa: kalmomi biyu ne dabam a Helenanci, na farko nauyi ne mai danne mutum, na biyu kayan da aka ɗora wa kowa alhakinsa.

Gargaɗi ɗaya: wanda ya koyi kalmar Helenanci uku daga intanet yakan fara gyara wa masu fassara aiki a kan bagade. In ma'anar da ka gano ba ta cikin ko ɗaya daga fassarorin da ke gabanka, mai yiwuwa kai ne ka kauce.

Kafin ka rufe makon, ajiye Galatiyawa 2:16 kusa da Yakubu 2:14-26. Bulus a 3:6 da Yakubu a 2:23 dukansu sun jawo Farawa 15:6. Bulus yana amsa wa masu cewa ayyukan Shari'a ne ƙofar shiga, Yakubu yana amsa wa masu bangaskiyar fatar baki da ke sallamar mayunwaci da addu'a kawai. Galatiyawa 5:6, bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna, ita ce gadar da ke tsakaninsu.

Mako na shida: yanzu ka buɗe littattafan malamai

Rubuta fahimtarka ta wasiƙar a shafi ɗaya tukuna, ka sa kwanan wata. Sannan ka tattara alamomin tambayar da ka yi a makon farko. Za ka tarar rabinsu sun warware da kansu. Sauran su ne za ka kai wa sharhi, kamar mai zuwa asibiti da ya san inda yake masa ciwo.

Karanta sharhi biyu, ɗaya na dā ɗaya na yanzu. Cikin na dā, Yohanna Kirisostom, Jerom da Agustin duk sun yi sharhin Galatiyawa a ƙarshen ƙarni na huɗu. Akwai darasi mai daɗi a tsakaninsu. Jerom ya ɗauka tsawatawar da Bulus ya yi wa Bitrus a 2:11-14 shiri ne da suka ƙulla don koya wa jama'a. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta masa wasiƙu yana cewa in an yarda manzo ya rubuta abin da ba haka yake ba a wuri guda, amincin Nassi duka ya girgiza. Koma ka karanta ayoyin huɗu ka yanke da kanka. A ganina Agustin ne ya riƙe nassin yadda yake. Babban malami ma yakan zame, kuma ayar ce alƙali.

Laccocin Martin Luther na 1531, da aka buga a 1535, su suka fi tasiri a kan yadda ikkilisiyoyin Furotesta suke jin wasiƙar: lamiri mai nauyin zunubi yana samun hutu cikin Almasihu kaɗai. Daga 1977, bayan binciken E. P. Sanders kan addinin Yahudawan zamanin Bulus, James Dunn da wasu suka ce "ayyukan Shari'a" sun fi nuni ga alamomin da suke raba Bayahude da al'ummai: kaciya, abinci da kiyaye ranaku. Kada ka yi saurin shiga sahun ɗaya. Gwada kowanne da 2:11-16, inda rigimar ta tashi a kan cin abinci tare, sannan da 3:10-13, inda zancen la'ana da fansa ya wuce maganar tebur. Kowane ɓangare ya ga wani abu na gaskiya, kuma wasiƙar ta ɗauke su duka. Ga mai son muryar malaman nahiyarmu, akwai sharhin Littafi Mai Tsarki na Afirka mai juzu'i ɗaya da ya fito a 2006 ƙarƙashin Tokunboh Adeyemo, aikin malamai kimanin 70, an kuma fassara shi da Hausa. Ɗakunan karatu na makarantun tauhidi kamar TCNN a Bukuru da JETS a Jos wuraren nema ne ga wanda yake kusa.

Daga sharhi sai tauhidi, kuma hanyar gajeriya ce. Ɗauki 4:4-6: Allah ya aiko Ɗansa, haifaffe ta wurin mace, ya kuma aiko Ruhun Ɗansa cikin zukatanmu yana kira Abba. Ajiye Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, wadda aka tsara a 325 aka faɗaɗa a Kustantiniya a 381, kusa da waɗannan ayoyi uku, ka ja layi daga kowace jimla zuwa abin da ta dogara a kai. Wanda aka aiko ya riga ya kasance kafin a aiko shi, wanda mace ta haifa kuwa mutum ne na gaske, abin da taron shugabannin ikkilisiya na Kalsidon ya ƙara fayyacewa a 451 ke nan. Ka kuma san labarin Markiyon, wanda ikkilisiyar Roma ta kora wajen 144. Ya sa Galatiyawa a gaban wasiƙun Bulus, ya yi watsi da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, yana cewa Allahn Shari'a dabam ne da Uban Yesu. Tatuliyan na Kartej, a Tunisiya ta yau, ya rubuta masa raddi mai tsawo. Wannan kuskure yana nan da rai a bakin duk mai cewa Tsohon Alkawari ba namu ba ne, kuma shafin da ka cika a mako na huɗu ya isa amsa, tunda da Farawa da Habakuk Bulus ya kafa bishararsa.

Duk littafin tauhidi da ka ɗauka bayan wannan, karanta shafi 10 a rana, ba fiye ba. Duk ayar da marubucin ya kafa hujja da ita, buɗe ta ka karanta aya biyar kafinta da biyar bayanta. In ya jera ayoyi goma bai bayyana ko ɗaya ba, sa alama. Duba kuma ko ya faɗi ra'ayin abokin hamayyarsa yadda shi abokin hamayyar zai amince da shi, ko kuwa ya gina gunkin kara ne ya ture.

A rana ta ƙarshe sake rubuta shafin nan guda ba tare da duba na farko ba, ka kwatanta su, ka kai wa fasto ko wani dattijon ikkilisiya ya karanta ya yi maka tambayoyi. In a ƙungiya kuke yi, mutum huɗu zuwa shida sun isa, ku haɗu sau ɗaya a mako, kowa ya zo da littafin rubutunsa, wanda bai yi karatun makon ba ya saurara. Littafi na gaba shi ne Romawa, sura 16, ka ba shi mako 12, ka kuma ajiye littafin rubutun Galatiyawa a gefe, domin Farawa 15:6 da Habakuk 2:4 da Littafin Firistoci 18:5 duk za su sake fitowa a can.